Haɗa famfo da ruwan zafi a jirgin ruwa: in kwaikwayi na turawan kanal ko kuwa?

Ɗan Karantina ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin abin ku taimaka min da shawara, wani aiki ne ya faɗo min wanda ban taɓa yin irinsa ba. Ni dai sabbak ne, aikin famfo na gidaje nake yi a nan Jidda shekara sha huɗu kenan, daga kazzan, wato tankin ruwa, na ƙasa zuwa na saman bene, dinamo mai tura ruwa, sakkan mai dafa ruwan wanka, duk wannan ko cikin barci aka tashe ni zan haɗa. To maigidan da nake wa aiki ya sayi wani tsohon jirgin ruwa na faiba, tsawonsa zai kai mita 11, yana ajiye a wata marsa, wato tashar ajiye jirage, a Obhur, yana so a gyara cikinsa yadda za a iya kwana a teku da iyali ko abokai in an fita kamun kifi. Akwai ɗan kicin, akwai banɗaki ƙarami wanda in ka shiga sai ka juya da dabara, amma duk bututun ciki sun gama yawo, tiyon da na kama sai ya marmashe a hannuna kamar tsohon ƙuli-ƙuli, tankin ruwan kuma da na buɗe murfinsa warin da ya buge ni sai da na fito waje na zauna.

Inda matsalar take, ɗansa babba ya kalli bidiyoyi a YouTube na turawan Ingila masu zama cikin siraran jiragen nan dogaye da ke yawo a kanal, wato hanyoyin ruwa da aka haƙa, ya turo min kusan guda goma yace muallim irin wannan nake so sak. Na zauna na kalla, turancina ba wani mai yawa bane amma ido ai ba ya buƙatar tafinta, naga akwai wata tukunya kamar sakkan suna kiranta kalorifaya wadda zafin injin jirgin ne yake dafa ruwan cikinta, naga wasu ƙananan tankuna guda biyu ja da shuɗi, naga famfon tura ruwa mai aiki da batir mai bolt 12.

Tambayata shine wai wannan tsarin zai yi a teku irin tamu kuwa? Ko in sayo ƙaramin sakkan na gida mai lita 30 in ɗaura da inbata a wuce wurin? Sannan ina da injin narka bututun roba na PPR ɗina da sauran bututu kore da suka rage daga wani aiki, nace ko in yi da su in rage wa mutumin kashe kuɗi. Tankin lita 300 ne, injin dizal ne na ciki ba irin Yamaha da ake ratayawa a baya ba. Bana so in yi abin da za a kira ni tsakiyar dare ana cewa jirgi na shan ruwa, kun san halinmu a ƙasar nan, kuskure ɗaya sai a manta alherin shekara goma.

Abu Fawwaz ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Hhhhh ruwan zafi a Jidda? Ya sheik ai mu nan ruwan sanyi muke nema ido rufe. Ni tun daga watan biyar nake kashe sakkan ɗin gidana, sai ya zama famfon ja shine mai sanyi tunda ruwan ya kwana a cikin ɗaki, famfon shuɗi kuwa da ke saukowa daga kazzan na sama in ka sake ka buɗe shi da azahar sai ya sale maka fata kamar kazar da za a fige. Ka ce wa yaron ya ajiye jarka a rana minti talatin, kalas, kalorifayarsa ta haɗu, ka karɓi kuɗin aikinka ka sayo mana kifin najil a kasuwar Bangala.

Injiniya Na Yanbu ya rubuta:

Abu Fawwaz ka fiye barkwanci amma akwai gaskiya rabi a maganarka. Ɗan Karantina bari in ɗan yi dogon bayani ka yi haƙuri, domin na taɓa zama cikin irin jirgin da kake magana tsawon hunturu guda lokacin ina karatu a Bamingam, wani abokin karatuna ne yake da shi, kuɗin haya ya min yawa na koma wajensa.

Da farko ka gane dalilin da yasa jirgin nasu yake haka. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne kawai, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, saboda ƙofofin da ake ɗaga jirgi ko sauke shi a tsoffin kanal ɗin nasu ƙafa 7 ne, tsawo kuma wasu har ƙafa 70. Jikin ƙarfe ne, ruwan da yake tafiya a kai ruwan daɗi ne kwance lumui babu igiya babu gishiri, gudunsa kamar na mai tafiya da ƙafa. Babban abokin gabarsu sanyi ne. Duk abin da ka gani a bidiyon nan na hita da murhu da bututu zagaye da ɗaki, yaƙi ne da sanyi. Ni da idona na tashi da asuba zan yi alwala na murɗa famfo ko ɗigo babu, ruwan ya daskare a cikin bututun da ya bi ta jikin ƙarfen, sai da muka dafa ruwa a buta. Masu barin jirgi ba kowa lokacin hunturu sai sun tsiyaye ruwan bututun kaf, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa musu. Kai wannan babin gaba ɗaya ka tsallake shi, bai shafe ka ba.

Amma kalorifayar kanta abu ce mai kyau kuma a jiragen teku ma ita ake sawa. Tukunya ce mai rufi da soso kamar fulas, a cikinta akwai bututu a nannaɗe kamar gammo, ruwan da ke sanyaya injin yana fita da zafinsa ya bi ta cikin gammon ya koma injin, ba ya haɗuwa da ruwan wanka, zafin kawai yake bari. Wato zafin da da ma za a zubar ne, kyauta, in kun yi tafiyar awa ɗaya daga marsa zuwa inda za ku jefa ƙugiya tukunyar ta yi zafi kuma zata riƙe har washegari. Na turawan yawanci gammo biyu ne, ɗaya na injin ɗaya na hitar dizal irin su Webasto ko Eberspächer, kai mai gammo ɗaya ya ishe ka. Akwai kuma hita ta lantarki a ciki, yawanci kilowat 1, wannan sai an dawo marsa an jona wutar gari.

Batun sakkan na gida da inbata, zo mu yi lissafi kaga da idonka. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat 1.16 na awa guda. Lita 30 daga digiri 28 zuwa 60 kenan kana maganar sama da wat 1,100 na awa guda, a batir 12 wannan ya haura amp 90 na awa guda, ka ƙara asarar inbata ka doshi 100. Batir mai amp 200 irin na ruwa rabinsa kawai ake so ka ci. Kaga wanka ɗaya ya shanye batirin da zai riƙe firij da fitilu da famfon kwashe ruwa daga ƙasan jirgi, a tsakiyar teku kuwa batir ba abin wasa bane. Ga shi sakkan na gida ƙarfe ne mai fenti, an yi shi ya rataye a bango shiru ba ya sha jijjiga da iskar gishiri ba.

Ƙananan tankunan nan biyu da ka gani kar ka ɗauka ado ne. Kowanne akwai balan-balan ta roba a ciki da iska a bayanta. Na farko yana bayan famfo a layin sanyi, shi ke hana famfon yin tari, kunna kashe kunna kashe, duk sanda aka buɗe ruwa kaɗan. Na biyu yana layin zafi, bayan raddad ɗin da ke hana ruwan zafi komawa baya. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, daga digiri 30 zuwa 80 yana ƙaruwa da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari, tukunyar kuma a rufe take, to ina ƙarin zai je? Jirgin abokina babu na biyun, kullum bawul ɗin kariya mai buɗewa in matsi ya kai ba 3 yana ɗiga ta wani siririn tiyo da aka manta ba a fitar waje ba, har dattin ruwa ya hana shi rufewa sosai. Da dare muna kwance sai ka ji famfo yayi burrr na daƙiƙa biyu ya yi shiru, bayan minti ashirin ya sake, sati biyu muna zagin famfo, ashe ruwa ba ya tsami banza, ranar da muka ɗaga katakon ƙarƙashin gado muka tarar da ruwa kwance ya jiƙa buhun shinkafata da takalman sallah. Tun daga nan na koyi cewa famfon da ke tashi shi kaɗai yana gaya maka akwai yoyo ne a wani wuri. Ka sa masa makunni kusa da ƙofa, in za a bar jirgin a kashe.

Abu na ƙarshe kuma shine mafi haɗari ga yara, ruwan injin yana kaiwa digiri 80 ko fiye, ruwan tukunyar ma haka zai kai. Dole ka sa bawul mai gauraya zafi da sanyi da kansa a bakin fitar tukunyar. Amfaninsa biyu ne, ba wanda zai ƙone, sannan ƙaramar tukunya zata yi auki, lita 25 mai digiri 80 in ka sirka ta da ruwan tankinku mai digiri 28 zata baka sama da lita 100 na ruwan wanka mai ɗumi. Don haka kar yaron ya sa ka sayo mai lita 60 ko 70 irin ta bidiyo, nauyi ne kawai da cin wuri.

Amma kafin komai, injin naku da me yake sanyaya kansa? Ka duba ka gaya mana.

Ɗan Karantina ya rubuta:

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa, wlh na karanta sau uku. Lissafin batir ɗin nan shi zan nuna wa maigidan don shi mutum ne da in ba lamba ya gani ba baya yarda. Abu Fawwaz kai kuma ka bari, da ma na faɗa musu haka sai uban yace a watan ɗaya in mutum ya tashi da asuba a teku iska na kaɗawa kuma wanka ya wajaba a kansa zai san amfanin ruwan zafi, na rasa amsar da zan ba shi. Ga kuma wanke tukwanen da aka soya kifi. Batun injin ban gane tambayar sosai ba, na dai ga tiyo yana jawo ruwan teku daga ƙasa yana fita ta salansa.

Baba Makanike Obhur ya rubuta:

Yaro abin da Injiniya ke tambayarka kenan. Jiragen kanal ɗin can da yawansu wani faffaɗan tanki ake waldawa a jikin ƙarfen jirgin daga ciki, ruwan injin ya bi ta nan sanyin kanal ya sanyaya shi, ba sa jawo ruwan waje. Namu na teku iri biyu ne. Akwai wanda ruwan gishirin ne da kansa yake shiga cikin injin ya fita, tsoffin ƙananan injina kenan, irin wannan ba ya yin zafi sosai don da gangan ake riƙe shi ƙasa-ƙasa kar gishiri ya daskare a ciki, kuma ba za ka so ka tura ruwan gishiri cikin gammon tukunyarka ba. Akwai kuma mai ruwa biyu, ruwan daɗi mai magani kore ko ja yana zagaya injin, ruwan teku kuma yana sanyaya shi ta cikin wani bututu mai ƙananan ramuka. Ka je ka duba saman injin, in ka ga murfi irin na lagireton mota, ka buɗe da safe injin na sanyi ka ga ruwa mai kala, to ka ci sa'a. Tukunyar kuma ka zaunar da ita ƙasa da wannan murfin, in ta fi shi tudu iska zata taru a gammon ruwa ya ƙi zagayawa, kuma ka sa mahabas, wato bawul na rufe ruwa, guda biyu a inda tiyon suka fita daga injin, ranar da tiyo ya fashe a teku ka rufe su ka dawo gida da injinka lafiya. Tiyon nan biyu na hitar mota za ka sa ba na lambu ba.

Shekara talatin da wani abu ina cikin injinan nan, abin da ke kashe jirgi a Bahar Maliya gishiri ne, tekun nan tafi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita inda sauran suke wajen 35, ga zafi. Kayan sabbaka na gida masu ruwan gwal ɗin nan da kuke saya a shago kar ka kuskura ka sa ko ɗaya a inda ruwan teku ke taɓawa. Gishiri yana tsotse sinadarin zinki daga ciki ya bar maka abu ja-ja mai kama da lafiyayye. Bara waccan wani ya kawo min jirgi wai mahabas ɗin banɗaki ya ƙi juyawa, na ɗora hannu na ɗan matsa kaɗan sai abin ya ɓalle a hannuna kamar biskit, ruwa ya taso kaurin hannun yaro, da diddigena na toshe ina ihu a miƙo min katako, ina tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu har aka jawo mu wajen ɗaga jirgi. Wanda ya sa masa abin ma sabbak ne mai kirki, aikin gida ya sani. Duk ramin da ke ƙasan layin ruwa ka sa tagulla ta jirgi ta asali ko irin robar nan mai ƙarfi da aka yi don haka, kilif biyu a kowane bakin tiyo, na silba mai lamba 316, ka je da maganaɗisu in ya manne sosai ka ajiye musu kayansu.

PPR ɗinka kuwa ka bar shi a mota. Jirgin faiba motsi yake yana lanƙwasa in igiya ta buge shi, bututu mai tauri da aka narka a gwiwa nan yake tsagewa, kuma a wurin da hannunka ba ya kaiwa. Ka sa bututun roba mai lanƙwasa na PEX ko tiyon ruwan sha mai zare a ciki.

Gas kuma, don na san za su ce a sa murhu. Gas ya fi iska nauyi, a gida in ya zubo yana bin ƙasa ya fita ta ƙofa, a jirgi babu ƙofar ƙasa, kwanciya yake a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Silinda a waje, cikin akwatinta mai rami a ƙasa da ke fita waje. Hitar gas mai dafa ruwa nan take a ɗan ƙuƙumin banɗakin nan kuwa ko kyauta aka baka kar ka karɓa.

Wad Mai Wurno ya rubuta:

Salam jama'a, ku yi haƙuri netwok ne sai a hankali a wajenmu, tun shekaranjiya nake son sa baki. Baba Makanike ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ni ɗan Mai Wurno ne kusa da Sinnar a Sudan amma na yi shekaru ina aiki a jiragen kogi a Kosti kafin wannan yaƙin da ya ɓarke a 2023, Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Mu tsarinmu na talakawa ne ya zol, durom a saman rumfa an shafa masa baƙin fenti, tiyo ya sauko, babu famfo babu batir babu abin da zai lalace, la'asar ta yi ruwa yayi zafi har sai ka sirka. Na sha kuma zir muke ɗaurewa a inuwa, randar ƙasa kenan, tana tsattsafowa iska na bugunta ruwan yayi sanyi kamar na rijiya. Amma ga inda zan ja kunnenka tunda na ga Abu Fawwaz yana cewa a ajiye a rana, lita ɗaya kilo ɗaya ce, durom mai lita 200 a saman rumfa daidai yake da ka ɗora ƙarti uku su tsaya a kan rufin, a babban jirgin kaya ba komai, a ƙaramin jirgi kuwa zaka ji yana layi. Mafi muni in ya rage rabi, ruwan yana gudu gefe zuwa gefe yana taya igiya. Wani mai kwale-kwalen inji da na sani ya ɗora durom biyu a sama don matafiya, a Bahar Abyad, wato Farin Nilu, ma da ruwa ke kwance sai da ya sauke ɗaya da kansa. Tankinka mai lita 300 ka leƙa cikinsa ka ga ko akwai katangu masu ramuka da ke karya gudun ruwa, kuma tukunyar zafin ka sa ta ɓangaren da ya fi sauƙi don jirgin kar ya karkace.

Ku a Jidda ruwanku na tahliya ne, wato ruwan teku da aka cire wa gishiri, daga Shu'aiba, tas yake zuwa, baku san wahalar laka ba. Mu a Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, in damina ta sauka a Habasha, watan takwas ruwa zuwa yake kamar kunun kanwa, sai an zuba a durom an sa alif ko a daka ƙwayar zogale a kaɗa a ciki, iyayenmu mata sun daɗe suna yi, ka ga lakar ta kwanta ƙasa ruwa ya washe. Na wanka kuma a bar shi ya kwana biyu saboda tsargiya. Duk da haka kai ma ka sa ƴar safaya, wato matatar ruwa, tsakanin tanki da famfo, mai murfin da ake gani ta ciki, tsohon tanki ba ya rasa datti, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a robar famfon sai ya dinga aiki ba tsayawa.

Amma Baba ni ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba a kan PPR, na ga an yi da shi a jirgin ƙarfe ya yi shekaru ba abin da ya same shi, in dai an ɗaure shi da kyau kuma an sa guntun tiyo mai laushi a bakin famfo gaba da baya don jijjiga.

Baba Makanike Obhur ya rubuta:

Ɗana jirgin ƙarfe a kogi daban, faiba a teku daban. Ka zo ka fita da mu ranar da iskar arewa ta taso ka ji yadda ƙasan jirgi ke buga ruwa kamar ana sara itace, sannan mu yi maganar. Guntun tiyo a bakin famfo kam gaskiyarka ne, na manta ban faɗa ba.

Ummu Rayyan ta rubuta:

Ni ba sabbak bace amma maigidana yana fita da mu wani lokaci a jirgin wani amininsa, abin da maza basa lura da shi zan faɗa. Na ɗaya shaɗɗaf ɗin banɗaki, tiyon tsarki kenan, wanda ya haɗa nasu ya bi da bututun ta ɗakin injin, wlh bayan tafiyar awa ɗaya ba mai iya tsarki da shi, ƙaramin ɗana ya fito da gudu yana kuka, tun ranar buta muke cikawa. Bututun sanyi ka nisanta shi da injin dan Allah. Na biyu gashi, kwatar wanka a jirgi ƙasa take da ruwan waje sai famfo ya tura, in ƴan mata uku suka yi wanka ya toshe, ka nemi irin wanda ke haɗiye gashi ba mai farfela ba. Warin tanki kuwa Clorox marar ƙamshi, kamar kofi ɗaya da ɗan ƙari a lita 300, a cika a buɗe kowane famfo har ka ji warinsa, a bar shi awa huɗu a zubar a ɗauraye sau biyu. Mu dai na sha kullum da galan muke zuwa.

Injiniya Na Yanbu ya rubuta:

Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 zuwa 45, nan ƙwayar cutar lajonela ke hayayyafa, ta tururin shawa take shiga huhu, tankin jirgin da ya yi wata biyu a rana a marsa kuma daidai wannan zafin yake. Ya fi kyau a zubar a sake sabo kafin fita, tukunyar kuma a bari ta haura 60. Kuma a gaya wa masu jirgin kar a sha ko a dafa shayi da famfon zafi, in gammon ya huje maganin lagireto guba ne. Turawan can duk shekara huɗu ake duba musu jirgi, gas da wuta da mai, har na'urar jin hayaƙi mai kisa sai an ga ta, wannan kam ya kamata a kwaikwaya ko ba wanda ya tilasta.

Ɗan Karantina ka kuma yi musu wannan lissafin, famfon nan yawanci lita 11 yake turawa a minti, lita 300 kenan ko rabin awa ba za ta kai ba in aka sake shawa irin na gida. Ka sa kan shawa mai maɓalli da sai an danna.

Ɗan Karantina ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Juma'a bayan la'asar na je marsa, Baba akwai murfin lagireton, na buɗe ruwan kore ne amma ya yi ƙasa sosai kuma akwai wani abu kamar majina a jikin murfin, na ɗauki hoto zan turo maka. Na bi mahabas ɗin ƙasa da tocila guda huɗu ne, biyu sun yi ja-ja yadda ka kwatanta, ban ko taɓa su ba, na gaya wa maigidan sai an ɗaga jirgin sama kafin in sa hannu, ya ɗan ɓata rai don kuɗin ɗagawa amma da na karanta masa labarin diddigenka sai yayi shiru yace tayyib. Tankin babu katanga ko ɗaya a ciki Wad Mai Wurno, fayau yake kamar akwati, inaga canza shi za mu yi da ƙanana guda biyu hagu da dama.

Mun tsaya a kan lita 25 mai gammo ɗaya. Yaron dai har yanzu yana maganar wai a sa masa ƙaramin murhun itace irin na bidiyo don yana da kyau a hoto, uban ya kalle shi kawai.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure min kai, wurin da tukunyar zata shiga ƙarƙashin benci ne, a tsaye ba zata shiga ba sai a kwance, kuma daga nan zuwa injin tiyo zai yi kusan mita uku zuwa uku dawowa. Famfon ruwan injin zai iya tura wannan nisan kuwa, ko sai na fasa kabad ɗin kicin na matso da ita kusa?